Agastaki a Jos: yadda ake tayar da shi daga iri da reshe, da abin da ke kashe shi a Agusta

Tambayar ta zo daga wata baiwar Allah a unguwar Rayfield da ke Jos. Ta ce ƙanenta ya kawo mata fakiti biyu na irin wani fure mai suna Agastache daga Amurka. Ta shuka fakiti ɗaya a ledoji, ta rufe da ƙasa yadda ta saba yi wa tumatir, aka yi wata guda ko ƙwaya ɗaya ba ta fito ba. Daga baya wata ƙawarta ta ba ta tushe guda a tukunya, ya yi kyau har ya yi fure, sai cikin watan Agusta ya fara yaushi, ana ta ƙara masa ruwa, ya mutu. Tana so ta sani ko ƙasarmu ce ba ta karɓe shi ba, yaya za ta yi da fakitin da ya rage, kuma ko zai yi a gidan 'yarta da ke Abuja.

Hajiya, sannu da ƙoƙari. Ƙasar Jos ba ta da laifi a nan, kuma kada ki yi saurin zargin fakitin. Abu biyu ne suka same ki, duka biyun kuwa sun same ni kafin ke. Irin kin binne shi, alhali shi iri ne mai son haske kafin ya tsira. Tushen kuma ruwa ne ya kashe shi. Na farkon gyaransa na minti biyar ne. Na biyun shi ne zai riƙa dawowa duk damina, don haka a kansa zan fi daɗewa.

Bari mu fara sanin baƙon. Ana furta sunan kamar agastaki, kuma haka zan riƙa rubuta shi. Ɗan'uwan na'a-na'a ne da ɗaɗɗoya, gidansu ɗaya. In kika murza karansa tsakanin yatsu za ki ji yana da kusurwa huɗu, ganyensa kuma biyu-biyu suke fitowa suna fuskantar juna. Sunan daga harshen Girka aka ɗauko shi, ma'anarsa zangarniya mai yawa, kuma duk wanda ya ga furen ya tsaya sama kamar ƙaramin kan gero zai ce mai raɗa sunan bai yi ƙarya ba. Nau'o'insa sun kai kimanin 22. Kusan dukkansu 'yan nahiyar Amurka ta Arewa ne har zuwa Meksiko, sai guda ɗaya da ya fito daga gabashin Asiya.

Abin da zai amfane ki shi ne ki raba su gida biyu, domin halinsu ba ɗaya ba ne. Gida na farko masu faɗin ganye, furensu shuɗi ko ruwan goda. A cikinsu akwai Agastache foeniculum, na filayen arewacin Amurka da Kanada, wanda ganyensa ke ƙamshin yansun ɗin nan da ake sayarwa a shagunan maganin Musulunci. Akwai Agastache rugosa, na Koriya da Sin da Japan, wanda mutanen Koriya ke sawa a girki. Akwai kuma Blue Fortune, barbarar waɗannan biyun da aka yi a ƙasar Holan. Wannan gidan yana jure ɗan danshi, kuma shi nake ba duk mai farawa shawara ya ɗauka. Gida na biyu masu siririn ganye, furensu dogo kamar ƙaramar algaita, ja ko ruwan lemo ko ruwan hoda: rupestris da cana da aurantiaca, 'yan duwatsun Arizona da New Mexico da yammacin Texas da arewacin Meksiko. Su ne suka fi ɗaukar ido a hoto, su ne kuma suka fi saurin mutuwa a hannunmu. Ki duba fakitin ki ga wane gida kike da shi. Af, kuma ki sani masu sayar da iri sukan cakuɗa biyun farko, a rubuta foeniculum a zuba rugosa. In sun girma ki juya ganyen: bayan na foeniculum fari-fari ne kamar an barbaɗa masa toka, na rugosa kore ne, ya fi faɗi, ƙamshinsa ya fi karkata ga na'a-na'a. Ko wanne ya fito miki ba ki yi asara ba.

Shekarar da na fara gwada shi a lambuna da ke wajen Lamingo, tushe arba'in na dasa. Na yi musu gata irin wanda muke yi wa kabeji: fangali mai zurfi, baƙar ƙasa, kashin kaji har da ƙari. Daga Mayu zuwa Yuli kowa ya shigo sai ya tsaya a wurinsu, ƙudan zuma kuwa tun hantsi suke cika wurin da ƙugi. Da marka ta kankama sai na fara ganin wasu suna sunkuyar da kai da tsakar rana kamar masu jin ƙishi. Yaron da ke taya ni aiki, don tausayi, ya riƙa bin su da bokiti. Ran da na kama ɗaya na ja, sai ya biyo hannuna ba gardama, kamar an soke kara a taɓo. Gindin ya yi baƙi ya yi laushi, in ka danna da farce sai ya fashe, saiwoyin sun zama kamar jiƙaƙƙen zare, ga wani wari irin na gwazar da ta ruɓe a rami. Kafin Satumba ta ƙare saura uku. Abin da ya ba ni kunya shi ne, a bayan ɗakin ajiya, inda muka tara fasassun bulo da tsakuwa, ƙarƙashin bakin kwano, wata ƙwaya da ta zube daga hannuna ranar da nake shuka ta tsira da kanta. Ba wanda ya taɓa ba ta taki ko ruwa. Ita ce ta wuce damina lafiya lau, kuma daga jikinta na yanki rassan da na sake tayar da lambun.

Ga abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙasa. Saiwa tana numfashi, tana buƙatar iska a tsakanin ƙwayoyin ƙasa. In ruwa ya cike wuraren nan kwana da kwanaki, ƙananan saiwoyi masu tsotso su ke fara mutuwa, sai cututtukan fumfuna da ke zaune cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa su samu ƙofa. Shukar da ba ta da saiwa ba ta iya shan ruwa ko da tana tsaye a tsakiyarsa, shi ya sa take yaushi. Mai lambu ya ga yaushi ya ɗauko bokiti, ya ƙarasa ta. Duk ranar da kika ga agastaki ya yi yaushi, ki fara cusa yatsa a ƙasa tukuna. In da danshi, ki ajiye butar.

Jos tana samun ruwa kimanin milimita 1,400 a shekara, kuma Yuli da Agusta kowanne yakan kawo kusan 300, ga gajimare da hazo da ke hana ƙasa bushewa. Wuraren da gida na biyu suka fito yawancinsu ba sa samun ko rabin haka, wanda suke samu ɗin ma a kan gangaren dutse yake sauka ya wuce. Bayanin da ke bayan fakitinki an rubuta shi ne don mutanen da tsoronsu dusar ƙanƙara, shi ya sa za ki ga ana ta lissafi da ranar sanyin ƙarshe. Mu wannan ba damuwarmu ba ce. Sanyin Jos na Disamba da Janairu, da dare ke sauka wajen digiri 11 ko ƙasa kaɗan, wasa ne a wajen shukar da ke kwana ƙarƙashin dusar ƙanƙara a Kanada. Tsayin ƙasarmu na kusan mita 1,200 daga matakin teku ma alheri ne gare shi, don yana son dare mai sanyi. Lokacin haɗarinsa a nan shi ne marka, saboda haka duk lissafinki ki ɗora shi a kanta.

Wuri ki zaɓa mai rana, aƙalla awa shida, kuma mafi tudu a gidan. Ki fita ki duba bayan an ɗauke ruwan sama da awa ɗaya: duk inda ruwa yake kwance har lokacin, ki yafe shi. Fangali na kayan rani ne masu son ruwa ya zauna musu. Shi kunya yake so, mai tsayin taƙi guda ko fiye, santimita 20 zuwa 30. Jar ƙasar nan tamu da ke danƙo da damina ta yi tauri da rani, ki sassauta ta da yashi mai kaushi, na gini, da ƙananan tsakuwa ko marmara da aka farfasa. Rairayi mai laushi ki bar shi, in ya haɗu da laka sai ya zama kamar siminti. Awon da nake yi wa gida na farko: kwano biyu na ƙasa, ɗaya na yashi, ɗaya na takin gargajiya da ya ruɓe sarai har ya daina wari. Gida na biyu kuwa rabi ƙasa rabi yashi da tsakuwa, taki ɗan kaɗan. Ƙasar Filato tana da ɗan tsami, su kuma 'yan duwatsun nan sun fi son wadda ba ta da shi, don haka tafin hannu ɗaya na tokar itace a kowace mita ta kunya yana taimakawa. Kada ki wuce haka.

Wajen dashe, gindin ya zauna daidai da fuskar ƙasa ko ya ɗan ɗara, kada a nutsar da shi. Ki zagaye shi da tsakuwa maimakon busasshiyar ciyawa, domin ciyawa tana riƙe danshi a wuyan shuka, tana kuma kiran gara. Tazara santimita 30 zuwa 45, iska ta riƙa ratsawa. Ni dai yanzu gida na biyu ba na sa su a ƙasa ko kaɗan. A tukunyar ƙasa nake rainonsu, irin wadda ba a shafe ba, mai huji babba a gindi, a ɗora ta kan bulo biyu. Tukunyar ƙasa tana zufa, ta fi bokitin roba nesa ba kusa ba. Da Yuli ya raba sai in ja su ƙarƙashin baranda ta gabas, su sha ranar safe, ruwan sama ya wuce su. Ina zargin tukunyar da ƙawarki ta ba ki ko dai tana zaune cikin faranti, ko hujinta ya toshe.

Yanzu maganar iri. Ƙwayarsa ba ta kai ta riɗi ba, kusan kamar ta ɗaɗɗoya take, abincin da ke cikinta kuma kaɗan ne, ba zai kai tsiron ya huda ƙasa mai kauri ba. Ga shi kuma haske yana cikin abin da ke tashe ta. Ki sami faranti mai zurfin yatsa, ko robar da ake zuba abinci, ki huda gindin da ƙusa mai zafi. Ki cika da haɗin ƙasa da aka tankaɗe da rariya, yashi, da buntun shinkafa da aka babbaka ya yi baƙi, kowanne kashi ɗaya. Kwana guda kafin shuka ki kwarara wa haɗin tafasasshen ruwa ki bar shi ya huce ya tsane, wannan yana rage cuta da irin ciyawa. Washegari ki gauraya irin da ɗan busasshen yashi don ya bazu, ki yafa a sama, ki danna da bayan cokali. Shi ke nan. Kada ki rufe da ƙasa. Ki lulluɓe bakin farantin da farar leda, ki ajiye inda haske yake sosai amma rana ba ta dukan kai tsaye, kamar bakin taga. Ban ruwa kuwa ta ƙasa: ki tsoma gindin farantin a tire mai ruwa na minti goma ki cire. In kika zuba da buta ta sama, duk irin zai taru a kusurwa ɗaya ko ya nutse.

A ɗumin digiri 20 zuwa 22 yakan fito cikin mako ɗaya zuwa biyu, wani ya ja har uku. Da kin ga kore ki fara ɗage ledar, rana ta biyu ki cire ta gaba ɗaya. A wannan matakin abin tsoro shi ne ciwon nan da tsiro ke kwantawa dare ɗaya, in kika duba ki ga ƙasan karan ya tsuke kamar an ɗaure da zare. Cunkoso da yawan danshi da rashin iska ke kawo shi, kuma wanda ya kwanta ba ya tashi. Ki rage su tun suna ƙanana, ko da zuciyarki ba ta so. In sun yi ganyen gaskiya jeri biyu, wato ban da 'yan biyun da suka fara fitowa da su, sai ki ɗaga kowanne da tsinke, ki riƙe shi ta ganye, ki mayar leda tasa. Daga shuka zuwa dashe a kunya mako shida ne zuwa takwas, kuma yawancinsu suna fure a shekararsu ta farko, wata uku zuwa huɗu bayan shuka.

Za ki ga wasu fakitoci sun ce a sanyaya irin tukuna. Dalili shi ne a garinsu irin foeniculum yana kwana a ƙasa duk lokacin sanyi kafin ya tsira. Ana kwaikwayon haka da sa shi cikin yashi mai ɗan danshi a leda, a ajiye a firji wata guda, ɓangaren kayan miya, ban da wajen ƙanƙara. Yana ƙara yawan masu fitowa, amma ba dole ba ne, kuma in wuta tana zuwa tana tafiya wahalar ta fi ribar.

Lokacin shuka biyu nake amfani da su. Na fi son farkon Oktoba, ruwa na janyewa, ƙasa da sauran ɗumi. A dasa a Nuwamba, a riƙa ba da ruwa da hannu sau biyu a mako, su yi saiwa cikin sanyi a hankali. Irin waɗannan kafin damina ta zo sun yi ƙarfi sun yi fure. Na biyu shi ne Fabrairu, a dasa a Afrilu da ruwan farko. Aibinsa ƙanƙara, wadda kin san takan faɗo mana a farkon damina ta yayyaga ganye kamar an bi da almakashi, don haka sabon dashe ki tanadar masa kwando ko buhu a kusa. Disamba da Janairu tsiro yana nawa saboda sanyin dare sai dai cikin ɗaki. Yuli da Agusta kuwa kada ma ki buɗe fakitin.

Amma in kin samu tushe ɗaya mai rai, hanyar da ta fi iri sauƙi da tabbas ita ce reshe. Wasu ma ba su da wata hanyar: Blue Fortune kusan ba ya yin iri mai tsira, sauran masu barbara kuma in kin shuka irinsu 'ya'yan ba sa kama da uwar. Ko tsantsar nau'i biyu kika dasa kusa da juna, ƙudan zuma zai haɗa su aure ba da saninki ba. Reshe shi ke ba ki uwar sak.

Da sassafe ake yanka, kafin rana ta sha ruwan jikinsa. Ki nemi sabon toho wanda bai ɗauki fure ba, mai lanƙwasuwa amma ba lagwani ba. Tsohon kara da ya yi itace, cikinsa ya fara zama rami, ruɓewa yake yi kafin ya yi saiwa. Tsawon yatsa manuni ya isa, santimita 8 zuwa 10. Ki yanke da sabuwar reza dab da ƙasan gaɓa, wato inda ganye biyu suka fito, domin daga nan saiwa ta fi saurin ɓullowa. Ki tsige ganyen ƙasa ki bar jeri biyu na sama, in suna da faɗi ki rage rabin kowanne. Ki huda rami da tsinke a cikin yashi mai danshi da aka haɗa da ɗan babbakakken buntu, ki sa reshen har gaɓa ɗaya ta nutse, ki matse gefen da yatsa. Sai ki yanke gindin gorar ruwa ta roba ki kife a kai, murfin a buɗe. A inuwa mai haske za ki ajiye. Garin nan da ake sayarwa na sa saiwa yana ƙara sauri, amma dangin na'a-na'a ba su cika buƙatarsa ba, ni sau da yawa ba na sawa. Da safe za ki ga gorar ta yi raɓa a ciki, alamar lafiya ke nan. In ruwan yana gangarowa yana ɗiga, ya yi yawa, ki ɗage ta na awa ɗaya. Bayan mako biyu zuwa uku ki ɗan ja reshen a hankali. In kin ji ya riƙe ƙasa yana gardama, ya kama. Ki ƙara masa mako ɗaya ba gora kafin ki mayar da shi leda. Yana yin saiwa a kofin ruwa ma, sai dai saiwar ruwa tana da gautsi, da yawa sukan karye a wajen dashe.

Abin da nake so ki mayar al'ada shi ne wannan: duk ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, lokacin da shukar ke tashen toho, ki yanki rassa goma ki tayar, ki ajiye su a baranda su wuce marka a bushe. Ko uwar ta tafi a Agusta, a Oktoba kina da 'ya'yan da za ki dasa. Dama agastaki ba mai tsawon rai ba ne, ko a garinsu shekara uku zuwa huɗu yake yi. A nan da ba ya samun barcin da sanyi ke sa shi, yana aiki rani da damina, nawa daga shekara ta biyu suke fara gajiya, gindi ya yi itace, fure ya ragu. Ba na jira su mutu, sabuntawa nake yi. Kada kuma ki damu in naki bai kai tsayin na hoto ba. A arewacin Amurka yinin watan Yuni yana haura awa 15, namu ko a mafi tsawonsa bai kai 13 ba, kuma nawa sukan tsaya ƙasa da mita ɗayan da fakiti ya yi alkawari.

Raba gindi ma hanya ce, amma ga masu faɗin ganye kawai. A Afrilu ki haƙo tushen da ya shekara biyu, ki raba da wuƙa gida biyu ko uku, kowanne da saiwarsa da tohonsa, ki dasa nan take. Gida na biyu gindinsu guda ne mai itace, rabawa kashe su take yi.

In kina son tara iri, ki bar zangarniya biyu ko uku su bushe a jiki har su yi ruwan ƙasa, ki yanke cikin ambulan ki kaɗa. Kowane ɗan fure ƙwaya huɗu yake bayarwa, don haka zangarniya ɗaya ta ishi unguwa. Sauran ki riƙa yanke su da zarar launi ya dushe. Hakan yana sa sabon fure ya fito daga gefe, yana kuma hana shi watsuwa inda ba a gayyace shi ba. Foeniculum da rugosa suna zubar da iri sosai, mu kuwa a Filato mun ga abin da shukar nan lantana ta yi, wadda ado ya kawo ta ƙasashenmu, yau ta cika gefen duwatsu har cikin dajin Amurum da ke kusa da Jos. Nan gaba kuma in ƙanenki zai sake kawo iri daga waje, ki tuna masa doka ta ce a bi ta hukumar NAQS mai kula da shigo da tsirrai da iri.

Kulawarsa ba ta da yawa. In ya kai taƙi ɗaya ki tsinke kansa da farce don ya yi rassa. Takin zamani, musamman yuriya, ki nisanta shi da shi: zai yi ganye ya yi tsawo, kara ya yi lagwani, iskar hadari ɗaya ta kwantar da shi, ƙamshin ma ya ragu. Da rani, in ya kafu, ruwa sau ɗaya ko biyu a mako a ƙasa, a gindi kuma da safe. Na tukunya ya fi saurin bushewa da iskar hunturu, shi yatsa zai gaya miki. Da damina dodon koɗi yana cinye ƙananan tsiro cikin dare, ki fita da tocila ki tsince. Da hunturu kuma ki riƙa duba bayan ganye, akwai wasu mitsi-mitsin jajayen ƙwari masu saƙa kamar gizo da ke sa ganye ya yi ɗigo-ɗigo, da farin ƙuda. Wanke bayan ganyen da ruwa ko feshin ruwan darbejiya da yamma yana isa. Maganin ƙwari mai ƙarfi kada ki fesa a kan fure, za ki kashe ƙudan zuman da rabin daɗin shukar nan su ne. In kin ga farin gari a kan ganye kamar an watsa fulawa, cunkoso ne, ki cire ganyen da ya kamu ki rage rassa.

Abuja wani lissafi ne. Tana ƙasa da mu da mita ɗari bakwai ko fiye, a Maris zafin rana yakan haura digiri 35, dare ma ba ya hucewa kamar namu, ruwan damina kuma kusan kamar namu ne. Zai yi a can, amma 'yarki ta ɗauke shi kamar furen shekara guda. Ta shuka a Oktoba, ta more shi daga sanyi zuwa farkon zafi, a tukunyar ƙasa da ke samun ranar safe da inuwar la'asar. Kada ta ajiye tukunyar kan tayil ko siminti mai ɗaukar zafi, saiwar dahuwa take yi. Mafi sauƙi ma ki riƙa tayar mata da rassa a Jos kina aika mata duk Nuwamba, tafiyar 'yan awoyi ce a mota.

Ganyen foeniculum da rugosa ana shan shayinsu, uku ko huɗu a kofi, kuma suna daɗi haɗe da na'a-na'a. A sha shi don ɗanɗano, daidai wa daida. Mai ciki ta haƙura da shi, domin man da ke ba dangin nan ƙamshi yana da ƙarfi. In an gaya miki cana yana korar sauro don haka ake masa laƙabi a Amurka, kada ki naɗe gidan sauronki, shukar da ke tsaye a tukunya ba ta hana cizo. Ɗan tsuntsun nan da za ki gani a hoton fakitin yana tsaye cak a iska yana shan fure, nahiyar Amurka kaɗai yake. Namu su ne ƙananan nan masu lanƙwasasshen baki da ƙyallin wuya, su sauka suke yi a kan karan, ya lanƙwashe da su har ya kusa taɓa ƙasa, su bi furen ɗaya bayan ɗaya daga ƙasa zuwa sama.

Fakitin da ya rage ki sa shi cikin kwalba mai murfi, wuri mai sanyi da duhu, har Oktoba. Kafin nan ki ɗebi ƙwaya goma ki jera kan tishu mai danshi cikin farar leda a bakin taga. In biyar suka fasa cikin mako biyu, irin yana da rai. Ranar shuka kuma rabi za ki yafa, rabin ki bar wa Fabrairu.